Garuruwa Tara a Bayan Takardar Jarrabawa

Takardar da na rubuta tsarin hutuna na ƙarshe a Sudan tana nan har yau a cikin jakar da nake ajiye shahadata. Jadawalin jarrabawar zangon ƙarshe ne na Jami'ar Afirka da ke Khartum, inda na karanta Shari'a, kuma a bayansa ne na jera sunayen garuruwa tara da jan biro: Wad Madani, Sinnar, Mai Wurno, Damazin, Gadarif, Kasala, Bur Sudan, Sawakin da Jidda. A gaban kowane suna na sa yawan kwanakin da zan yi da kuɗin da zan kashe, har da na shayi. Uku kaɗai na taka daga cikin taran, kuma abin da ya tsayar da ni a gari na uku shi ne dalilin wannan rubutu.

Ni mutumin Bajoga ne a jihar Gombe. Na sauka a Khartum a 2017 da niyyar yin shekara huɗu, sai karatun ya ja ya kai biyar, domin mun ci karo da zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019, muka ci karo da korona a 2020, sannan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ya zo da nasa rufe gadoji da katse intanet. A duk tsawon waɗannan shekaru, in ban da hutu ɗaya da na je gida, ban san komai a Sudan ba sai ɗakin kwanan ɗalibai, da kasuwar Suƙ Arabi, da mahaɗar rassan kogin Nilu biyu da ake kira Muƙrin, da zikirin 'yan Ƙadiriyya da ake yi duk yammacin Juma'a a Hamad al-Nil da ke Omdurman. Wuri guda da nake zuwa ba fashi shi ne unguwar Inƙaz, wajen wani dattijo mai agashe. Agashe tsire ne da ƙuli-ƙuli da yaji, Hausawa suka kawo shi ƙasar, kuma Larabawan Khartum da ke layi a gaban tukubarsa da wannan suna suka san shi.

Tun ranar da zan baro gida kakata, mahaifiyar babana, ta ɗora mini wani nauyi. Tana da wa, maƙeri, wanda ya tashi daga Bajoga da niyyar aikin hajji ta ƙasa shekara biyu kafin Sudan ta sami 'yancin kai a 1956, lokacin ita tana yarinya 'yar kimanin shekara goma. Ya bi hanyar da dubban mutanenmu suka bi kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, wato Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Adare, Jinaina, har Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Saƙo biyu suka iso gida ta bakin alhazan da suka dawo, na ƙarshen yana cewa an gan shi a gonakin auduga na Jazira yana ƙera lauje, daga nan kuma shiru. Alamar da Kaka ta ba ni guda ɗaya ce, yana da cindo a hannun hagu. Tambayarta ma guda ɗaya ce, kuma takan maimaita ta duk sa'ad da aka miƙa mata waya: "Maigidana, ka gano mini ko ya kai Makka?" Shekara biyar ina ce mata sai an yi hutu.

Hutun ya zo da kansa a tsakiyar 2022. Duk wanda ya yi karatu a waje ya san cewa gama jarrabawa ba shi ne gama karatu ba, domin sai an jira shahada ta fito, sannan a zaga da ita ofisoshi a buga mata tambarin tantancewa, abin da ɗalibai ke kira tausiƙ, kuma wannan yakan ci watanni. Na lissafa na ga ina da aƙalla mako goma da babu abin da zan yi sai zaman jira a cikin zafin Khartum da guguwar ƙurar da suke kira habub. A nan ne tunanin ya zo mini cewa in bi sawun maƙerin, in ƙarasa hanyar da ban sani ba ko shi ya ƙarasa: in gangara kudu ta gaɓar kogin da mutanen ƙasar ke kira Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, in dawo in yanki gabas ta Gadarif da Kasala, in haura duwatsun Bahar Maliya zuwa Bur Sudan, in shiga jirgin ruwa a Sawakin in tsallaka Jidda, in yi umara a farkon Muharram da zarar an buɗe ta bayan hajji. Ina da dala 600 da na tara daga ɗan cinikin da ɗalibai ke yi, na aika jallabiya da humra da lalle gida a sayar. Da dala nake ajiya tun da aka karya darajar fam, kuɗin Sudan, a Fabrairun 2021, daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, muka wayi gari abin da ke aljihunmu bai kai kuɗin ful, wato dafaffen wake, na wata guda ba.

Babana bai so ba. "Karatu na tura ka ko yawon duniya?" in ji shi, sannan ya tuna mini cewa sa'o'ina sun gama bautar ƙasa, wasu har sun yi aure. Ina cikin lallashinsa sai na ji muryar Kaka daga gefe tana cewa a ƙyale mata maigidanta, ita ta aike shi. Maganar ta mutu a nan. Bayan mako biyu wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo mini ƙunshi daga wajenta, daddawar kalwa ce cikin leda uku, da umarnin in kai wa duk wanda na tarar. Na kai rabin kuɗina wajen wani dillalin biza a matsayin kafin alƙalami na umara da tikitin jirgin ruwa, na kuma je na yi wa mai agashe sallama. Shi ne ya ce mini kada in ɓata lokaci ina tambaya a Jazira. "Je ka Mai Wurno, ɗana. Duk wanda ya fito daga yamma ya zauna a bakin kogin nan, akwai tsohon da ya san shi a can."

Na tashi daga tashar Mina al-Barri ranar Talata, saura kwana huɗu babbar Sallah, motoci cike da masu komawa garuruwansu. Na yi kwana biyu a Wad Madani a gidan wani abokin karatuna, na ga magudanan ruwan Jazira da suka miƙe kamar an ja su da zare, na sha godogodo a kasuwa, wanda ba komai ba ne illa fura da nono da aka sauya wa suna. A hanyar Sinnar ne na ga abu na farko da ba ya cikin lissafina. An tsayar da mu a wani shinge, jami'in ya karɓi fasfona da takardar izinin zama, ya duba, ya miƙo mini da murmushi har yana tambayata ko na ji daɗin ƙasarsu. Kusa da ni akwai wani magidanci da muka yi ta hira da Hausa tun daga Madani, manomin albasa, haifaffen wani ƙauye a kusa da Sinja. Ya miƙa katinsa na ɗan ƙasa, amma sai da aka tambaye shi ƙabilarsa, da inda aka haifi ubansa, da inda aka haifi kakansa. Da motar ta tashi ya mayar da katin aljihu a hankali, ya ci gaba da ba ni labarin farashin albasa daga daidai inda ya tsaya.

A Sinnar na kwana ɗaya. Garin shi ne tsohuwar fadar daular Funj wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, amma abin da ya kai ni shi ne madatsar ruwan da Turawan Ingila suka gama a 1925 domin shayar da audugar Jazira. Tsawonta ya haura kilomita 3, kuma a ƙarƙashinta na iske masunta suna jan taru suna yi wa juna tsawa da Hausa. Washegari, ranar Arfa, na shiga ƙaramar mota zuwa Mai Wurno, tafiyar da ba ta kai ta awa ɗaya ba.

Wannan gari yana da wata alaƙa da ni da ta girmi maganar maƙerin. Burmi, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ranar 27 ga Yulin 1903 bayan ya baro Sakkwato yana hijira zuwa gabas, tana nan kusa da garinmu, kuma tun muna yara ake kai mu ganin wurin. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba da tafiya har suka kafa wannan gari a bakin Shuɗin Nilu, kuma har yau zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar garin. Na taso a inda labarin ya yanke, ga ni a inda ya ci gaba. A kasuwa ana jin Fulatanci da Hausa da Larabci a bakin mutum ɗaya, ya danganta da wanda yake ciniki da shi.

Bayan sallar Juma'a na durƙusa gaban wasu dattawa a inuwar masallaci na faɗi abin da ke tafe da ni. Sunan maƙerin bai tuna wa kowa komai ba, haka ma sunan Bajoga. Da na ambaci cindo sai wani tsoho mai farin rawani ya ɗaga kai ya ce, "Maƙerin nan mai yatsa shida? Shi ya ƙera wa mahaifina ƙugiyoyin kamun kifi." Ya kira wani yaro mai keken jaki ya ce ya kai ni wani ƙauyen masunta da ke kudu da garin, ya nuna mini gidan babban ɗan marigayin. Abin da na yi shekara biyar ina ɗagawa bai ɗauki awa uku ba, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba har yau.

Mutumin da na tarar a ƙofar gida yana ɗaure ragon layya ya kusa shekara sittin da biyar, kuma goshin babana ne a fuskarsa. Na gaishe shi, na faɗi sunan Kaka da sunan mahaifinsu, sai ya saki igiyar ragon ya riƙe kafaɗuna biyu ya yi ta kallona bai ce komai ba. Daga ranar nake kiransa Baffa. Mahaifiyarsa, matar maƙerin, tana da rai, ta tsufa tukuf, tana kwance a kan gadon igiya da suke kira angarib. Da na miƙa mata ƙunshin Kaka ta kwance, ta sunsuna, ta ce rabonta da warin kalwa tun mijinta yana da rai, domin su a nan da daddawar 'ya'yan yakuwa suke miya. Ta sa aka kawo mata kwallarta ta kulle daddawar a ciki, kuma duk zaman da na yi a gidan ita da kanta take gutsuro wa mai girki, kamar mai raba magani.

Sallar ta yi daɗi, in ban da marara. Ɗanyen hanta da tumbi ne da ake yankawa a zuba musu lemon tsami da barkono da ɗigon maɗaci, a ci tun kafin a ɗora tukunya, kuma baƙo ake fara miƙa wa. Na haɗiye loma biyu don kunya, yara suna leƙena suna dariya. Hausarmu ma abin dariya ce a tsakaninmu. In na ce mota su ce arabiyya, in na ce asibiti su ce mustashfa, in na ce bokiti su ce jardal, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya gurɓata harshen, alhali tsohuwar tana jefo karin maganar da ban taɓa ji ba sai a bakin Kaka.

Daren Sallah na biyu Baffa ya fito da wani ƙaramin akwatin ƙarfe wanda mahaifinsa ya ƙera da hannunsa. A ciki akwai awartaki, da wata tsohuwar hula da zarenta ya ƙoƙe, da takardar tafiya da ta yi laushi kamar tsumma, tambarin Sawakin da na Jidda suna jikinta. Maƙerin ya kai Makka, amma sai bayan shekara goma sha huɗu da barinsa Bajoga. Ya tsaya a Jazira ne don ya tara kuɗin jirgin ruwa, sai ya tarar da manoma suna neman lauje da fartanya fiye da yadda hannunsa zai iya ƙerawa, ya yi aure, ya gangaro bakin kogi inda masunta ke neman ƙugiya. Da ya sauke farali ya dawo wajen matarsa da 'ya'yansa biyar. Baffa ya ce duk shekara bayan girbi mahaifinsu yakan ce baɗi zai kai su su ga danginsa, har ya rasu yana faɗin haka. Da safe aka kai ni kabarinsa, tudun ƙasa ne kawai a cikin sauran, na yi masa addu'a, na kira gida aka kai wa Kaka waya.

A hanyar dawowa daga maƙabarta na yi wata katoɓara. Na ce wa Baffa, tun da yanzu an san juna, yaushe za su zo gida? Ya tsaya ya dube ni. "Wane gida, ɗana? A nan aka yanke mini cibiya, a nan na binne ubana da 'ya'yana biyu. In na je Bajoga baƙo ne ni, sai an nuna mini alƙibla." Bai faɗa da fushi ba, amma na gane cewa na yi masa irin tambayar da aka yi wa manomin albasa a shinge, sai dai ni da fara'a na yi tawa.

A gidan akwai wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, jikan Baffa, ɗan babbar 'yarsa da ke aure a Rusairis, wanda aka kawo karatun allo. Shi ya gano takardata. Bai iya karanta rubutun boko ba, don haka na rubuta masa sunayen garuruwan da haruffan Larabci a gefe, ya haddace su a jere kamar sura. Kullum da dare sai ya zo ya zauna a bakin angarib ɗina ya ce, "Kawu, ba ni labarin Kasala," ni kuwa in ba shi abin da na karanta ko na ji a bakin abokai: duwatsun Taka da suka tsaya a bayan gari kamar an dasa su, da masallacin Khatmiyya a gindinsu, da kogin Gash da ba ya kawo ruwa sai da damina, da gahawa mai citta da ake dafawa a 'yar tukunyar jabana. Na ba shi labarin riɗi da dawar Gadarif, da rusassun gidajen Sawakin da aka gina da duwatsun murjani. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, amma shi a wajensa na riga na je. Mun shirya cewa ranar Asabar, mako guda bayan Sallah, zan tafi da shi Damazin, mu tsallaka Rusairis ya ga mahaifiyarsa, ni kuma in ga madatsar ruwan da aka gina a can a 1966.

Kafin Asabar ɗin wayoyi suka fara ƙara. Rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasar noma da kuma neman da Hausawa suka yi na a ba su sarautar gargajiya tasu, abin da wasu suka ƙi bisa hujjar cewa baƙi ba su da ƙasa. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Rusairis da Damazin, aka sa dokar hana fita, hukumomi suka ce an kashe sama da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu. An yi asarar rayuka a kowane ɓangare, kuma kowane ɓangare yana da nasa labarin yadda abin ya faro. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Madani da Gadarif da Bur Sudan, a Kasala har aka ƙona gine-gine. Na zauna da takardata a hannu ina jin sunayen garuruwana ɗaya bayan ɗaya a rediyon Baffa.

Kwana uku ba a ji ɗuriyar mahaifiyar yaron ba. Wayarta a kashe, ta mijinta a kashe. Yaron ya daina zuwa neman labari, ya koma zama a bakin hanya tun asuba yana duba duk motar da ta taso daga kudu. A rana ta uku da la'asar wata babbar motar ɗaukar kaya ta tsaya, mutane a kanta kamar buhuna, aka sauko da ita da ƙannensa uku, ƙaramar a goye, babu ko takalmi a ƙafarta, hannunta riƙe da butar roba da ba ta san ma ta ɗauko ba. Mijin ya iso bayan kwana biyar ta wata hanya. Shagonsa na kayan masarufi ya ƙone ƙurmus.

Ba ita kaɗai ta zo ba. Makarantar ƙauyen ta cika, gidaje suka cika, ga damina ta kankama, ƙasar wurin kuwa baƙar laka ce da ke riƙe ƙafa har idon sawu. Samarin gari suka kafa kwamiti, da suka ji cewa ina da rubutun Larabci mai kyau sai suka ba ni littafi da biro, aikina shi ne rubuta sunan kowane magidanci, da yawan iyalinsa, da inda ya fito, domin rabon abinci. Wannan shi ne aiki na farko da na yi da karatun shekara biyar. A layin da aka ware don garin asali babu wanda ya ce mini Kano ko Katsina ko Sakkwato. Rusairis suke cewa, da Ganis, da sunayen ƙauyukan da kakanninsu suka sare dajinsu.

Ba zan ɓoye ba, maganar kuɗi ta yi mini nauyi. Dala 260 suka rage mini, a ɗinke cikin aljihun wando, kuma dare biyu na yi ina lissafin cewa in abin ya lafa zan iya tsallake Damazin in kama hanyar gabas, in riski jirgin ruwan Muharram. Abin da ya karya lissafin shi ne ganin tsohuwar nan ta buɗe kwallarta ta juye sauran daddawar Kaka gaba ɗaya a tukunyar da ake dafa wa mutanen makaranta miya. Da safe na farke ɗinkin, na ware dala 60 na komawa Khartum, na bi Baffa kasuwar Sinnar muka sayo dawa da man gyaɗa da tamfol da maganin zazzaɓi. Ban ba da duka ba, kuma abin da na bayar bai kai mako biyu ba ya ƙare.

Babana ya yi ta kira yana cewa in fito daga wurin ko ta halin ƙaƙa. Wata rana Baffa ya karɓi wayar, taubasai biyu da ba su taɓa ganin juna ba suka gaisa, suka yi ɗan wasan da ke tsakaninsu, sannan ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, yaron yana da koren fasfo, duk ranar da ya ga dama zai hau mota ya tafi ba mai tare shi. Ina tsaye a wurin ya faɗi haka, kuma gaskiya ya faɗa. Na yi mako biyar a ƙauyen, na koma Khartum a tsakiyar Agusta. Dillalin biza ya ce lokacin da muka yi da shi ya wuce, kafin alƙalami kuwa ba ya dawowa, na yi masa sintiri sau huɗu na haƙura. Shahadata ta fito, aka buga mata tambarinta, na hau jirgin Kano a watan Oktoba, a daidai lokacin da rikicin ya sake tashi a yankin Wad al-Mahi.

Baffa ya ba ni hular maƙerin in kai wa Kaka, ya riƙe awartakin da takardar. Da na miƙa mata ta juya ta ciki da waje, ta shafa zaren, ta ce ɗinkin mahaifiyarsu ne. Na ɗauka za ta sa in sake ba ta labarin Makka da tambarin Jidda, amma ba ta koma kan wannan ba ko sau ɗaya. Sunayen 'ya'yan wanta da jikokinsa ta sa na yi ta maimaita mata har ta riƙe, sannan ta tambaye ni ko suna da abin da za su ci zuwa kaka.

Wata shida bayan dawowata, ranar 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ƙannenmu da muka bari a jami'a aka kwaso su, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan. Wad Madani ta faɗa cikin yaƙin a Disambar wannan shekara, Sinja kuma a ƙarshen Yunin 2024, kuma a lokacin ne mutanen gidan Baffa suka tsallaka kogi suka yi gabas tare da dubban jama'ar jihar Sinnar. Tsohuwar ta riga ta rasu kafin nan, an binne ta kusa da mijinta. Sun yi wata biyu a wata makaranta a Gadarif, daga nan mijin 'yar Baffa ya sami aikin dako a Kasala, suka bi shi. Nakan aika abin da ya sawwaƙa daga albashin koyarwa, su kuma sukan turo saƙon murya duk ranar da suka sami intanet.

A cikin irin waɗannan saƙonni ne, wata safiya ina shirin shiga aji, na ji muryar yaron, ta fara buɗewa irin ta samari. Ya gaishe ni, ya gaishe da Kaka da sunanta kamar yadda aka koya masa, sannan ya ce, "Kawu, mun ga Gadarif, yanzu muna Kasala. Duwatsun suna nan yadda ka faɗa, na kuma sha gahawar mai citta. A takardarka Bur Sudan ce ke biye, ko?"